Baƙar Safar Hannun Biruta

Biruta ta fara riƙe tsinken saƙa tana shekara shida, ta ajiye shi tana da saba'in da bakwai. A tsakanin nan ta tatsi shanu shekara talatin da ɗaya a gonar haɗaka ta zamanin Sobiyat, ta haifi 'ya'ya biyu, ta binne namijin, macen kuma, Gundega, ta tafi ƙasar Ailan tana wanke tsofaffin wasu a gidan kula da tsofaffi. Ba mai yawan magana ba ce. Wanda ke son sanin ta a Ozolmala, ƙauyenmu da ke can cikin dazukan Latbiya, hannunsa yake dubawa, domin da wuya a sami namijin da ya wuce arba'in wanda bai taɓa sa safar hannun da ta saƙa ba.

Kakarta ce ta koya mata, da tsinke biyar da zaren ulun tumakin gida. Ranar aurenta ta raba wa dangin miji safa kowa da tasa, ta rataya wa rijiya, ta rataya wa ƙofar turken shanu, kamar yadda amare ke yi. Daga shekarar nan, duk ranar juyawar rana, ranar da ta fi gajarta a shekara, idan masu jan gungume suka iso gidanta sai ta fito da jar safa mai zanen rana a bayan hannu. Gungumen ana ɗaura masa igiya ne a zaga da shi kowane gida don ya kwashe cuta da rigima da asarar shekara, kafin duhu a kai shi tudu a ƙone. Kowane gida na ba masu ja abin da hannun gidan ya yi. Wani kyandir na kakin zuma, wani adon kara na ratayawa, wani baƙin burodi. Abin kanti abin kunya ne. Lokacin da hukuma ta hana bikin, ta bayan turke ake jan gungumen ba waƙa, Biruta kuwa ba ta fasa ko shekara ɗaya ba.

Mijinta Zigurds mai saran itace ne. Bayan wannan shi ne mai haƙa wa maƙwabta kabari, ba don an naɗa shi ba, sai don ya iya kuma ba ya cewa a'a. Ladan mai haƙa a wurinmu ɗaya ne: baƙar safa mai farin zane, wadda matar gidan ta saƙa tun da ƙarfinta ta ajiye a ƙasan akwati don wannan rana. Ba a fito da ita sai gawa ta kwanta. Zigurds ya tara irinta cike da aljihun tebur, da su yake zuwa daji.

Shekara biyu kafin abin da zan faɗa, tsoho Haralds ya mutu. 'Ya'yansa suka zo daga waje da hutun kwana uku, suka ɗauko ƙaramar katafila daga gari. Haƙar da ke cin kwana biyu ta ƙare kafin shayi ya huce. Sai dai bakin ƙarfen ya kama gefen akwatin matar Haralds da ke kwance a wurin shekara ashirin, ya fito da rabinsa. Direban ya kashe inji ya kunna taba. Zigurds ya tuɓe rigar sanyinsa ya shimfiɗa, ya bi tarin ƙasar yana tsince ƙasusuwa yana zubawa a ciki.

A hanyar gida, da suka wuce gada, ya juyo wurin matarsa.

"Biruta, kusa da inna zan kwanta. Kar ki bari ƙarfen nan ya taɓa ta."

"Na ji," ta ce.

Iyakar alkawarin ke nan, ba su sake tayar da zancen ba.

Da kakar shekarar da ta cika saba'in da bakwai, ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya karkace, magana ta tafi, ido kawai ya rage yana bin ta daga murhu zuwa ƙofa. Likita ta zo sau biyu. A zuwa na biyu ta tsaya a zaure tana ɗaure takalmi, ta ce ba ta jin zai ga narkewar ƙanƙara. Biruta ta fahimci abin da wannan ke nufi fiye da likitar. Wanda ya mutu a tsakiyar hunturu, ƙasarsa ta daskare zurfin ƙugun mutum. Sai maza huɗu, da wuta, da dagi, da kwana biyu. Ta zauna ta lissafa mazan da suka rage a Ozolmala masu iya ɗaga diga, suka zo huɗu cif: Modris direban tarakta, Malam Imants tsohon malamin makaranta mai jagorancin waƙoƙin biki, da wa da ƙane masu saran itace, Ojars da Guntis.

Nata hannun kuma ya gama yawo. Sanyin ƙashi ya kumbura gaɓoɓin, yatsun suka lanƙwashe kamar saiwa. Tun watan tara take kan jar safa ɗaya, ba ta kai babban yatsa ba.

Ana gobe juyawar rana maƙwabciyarta Ausma ta shigo da tukunyar wake da naman alade. Tare suka yi tatsa a gonar haɗaka, babu abin da ba su faɗa wa juna. Ta ajiye tukunyar, idonta ya faɗa kan tebur. Baƙar safa ta mutum huɗu na jere, an ɗaure kowace da zare.

Ta rage murya. "Ya cika ne?"

"Yana nan. Ya sha madara ɗazu."

"To me waɗannan suke yi a waje? Shan iska?"

"Gobe zan ba masu gungume."

Ausma ta ja kujera ta zauna. "Ke tsohuwa, kanki ɗaya kuwa? Safar kabari ranar rana? Ki ba su burodi mana, ko ki ba su haƙuri. Kowa ya san hannunki."

"Ba don hannuna ba ne. Ranar da zai tafi kowa zai samu uzuri. Wannan bayansa na ciwo, wancan motarsa ta ƙi tashi. Wanda ya karɓi safa a gaban jama'a ya ɗaure kansa."

"Wanda ya karɓa mutum na numfashi kuma ya kira masa mutuwa. Ba ni na ƙirƙiro ba."

"Ba ta jiran kira. Tana zaure tun kaka."

"Biruta, ni dai na faɗa miki. Modris zai zage ki."

"Ya zage ni ya haƙa."

Washegari ta wanke Zigurds, ta aske masa gemu, ta sa masa farar riga. Ta tura gadon da gwiwa da ƙugu har bakin taga, ta tokare bayansa da matasai. Gidansu shi ne na ƙarshe, a bakin daji, don haka sai wajen ƙarfe biyu ta jiyo waƙa da ƙarar gwangwani. Rana na tsaye kan bishiyoyi da ƙyar, ja wur, ba ɗumi. Mutum goma sha ɗaya ne suka zo, yawancinsu mata, wasu da fatar tumaki a juye, wasu sun rufe fuska da saƙar kara. Gungumen ya tsaya a bakin shinge, dusar ƙanƙara ta manne masa.

Malam Imants ya ɗaga hular gashinsa. "Gaisuwa ga uwar gida! Mun zo kwashe duhu. Me hannun gidan nan ya tanadar wa bayin rana?"

"Ni dai a ba ni mai faɗi," in ji Modris. "Ta bara ta matse ni kamar surukata."

"Hannunka ne ke kumbura da giya," in ji Ausma. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Biruta ta buɗe ƙyallen da ta rungumo. Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Wata mata ta ja da baya har ta taka igiya.

"Bana ba ja," in ji Biruta. "Wannan ta maigida ce. Ba zai kai bazara ba. Yana son hannu ya haƙa masa, kusa da mahaifiyarsa. Ku huɗu ne kuka rage. Malam, ga taka."

Malam Imants ya gyara murya. Ya ce kakanninmu sun san rayuwa da mutuwa ɗaki ɗaya suke kwana, ya ce kamar yadda rana ke mutuwa yau ta tashi gobe haka ɗan Adam, ya ce Zigurds itace ne mai inuwa. Ya daɗe yana faɗa. Daga ƙarshe ya karɓa da yatsa biyu ya cusa a aljihu. Ojars ya karɓa bai ɗaga kai ba. Ƙanensa Guntis ya tura hannayensa a hammata ya juya yana kallon daji.

Ta miƙa wa Modris. Bai taɓa ba.

"Inna Biruta, mutumin na kallonmu ta taga."

"Shi ya sa na kai shi tagar. Ya ga wanda ya karɓa."

"Kin binne shi da ransa, kina so in riƙe miki shebur? Wannan mutumin ya haƙa wa ubana, ya haƙa wa matata. Sai an ɗaure ni da tsumma a gaban mata kafin in zo? Me kika ɗauke ni, akuya?"

"Na ɗauke ka mashayi mai mantuwa."

"To ki ba mai tunawa." Ya fizgi safar daga hannunta ya kifa a kan sandar shinge. Ya tofar da yawu ya kama igiya. "Mu tafi, rana na faɗuwa."

Ba wanda ya ce a zaga gidan. Suka juya gungumen a nan bakin shinge, ya bar sawu kamar ƙugiya a cikin dusar ƙanƙara. Ba su shiga sun ci waken ba. A shekara hamsin da biyar na aurenta, wannan ne karo na farko da gungume ya zo bai kewaye gidanta ba. Waƙar ma sai da suka kai gada suka ɗora. Ta cire safar daga kan sanda ta karkaɗe, ta koma ciki. Zigurds na kallonta, ruwa na bin karkataccen gefen bakinsa. Ta goge masa. Ko ya ji haushi ko ya gode, ba ta sani ba, kuma ba ta da hanyar sani.

Mata suka yi ta zancen har sabuwar shekara. Wasu suka daina gaishe ta a wurin motar da ke kawo burodi. Ita kuwa ta ci gaba da juya shi, da wanke shi, da ba shi madara a cokali.

Ya cika a ƙarshen watan ɗaya, da hantsi, a makon da sanyi ya fasa bishiyoyi a daji. Aka sa ranar binnewa kwana uku gaba, domin hutun da aka ba Gundega ke nan. Malam Imants yana birnin Riga wurin 'yarsa, ya aiko saƙo mai tsawo ta wayar Ausma, har da baitin waƙa, ya ce likita ya hana shi ɗaga abu mai nauyi. Ojars ya tafi aikin katako a ƙasar Suwidin tun bayan biki da safar a jakarsa. Guntis ya ce shi bai karɓi komai ba.

Gundega ta iso da jaka ɗaya da idanu jajaye. Ta zauna a gefen murhu ta kama hannun uwarta.

"Mama, na yi magana da mai katafila. Gobe da safe zai zo, ya ce zai bi a hankali."

"Kira shi ki ce ya zauna."

"Mama, babu kowa. Baba ya tafi, bai san wa ya haƙa ba."

"Ni na sani."

Suna cikin haka tarakta ta tsaya a waje. Modris ya shigo bai gaisa ba, ya cire hula ya tsaya kan gawar ɗan lokaci. Sannan ya juya.

"Ina tsumman naki?"

Ta ɗauko ta ba shi. Ya sa, ya buɗe yatsu ya rufe. "Wannan ma ta matse. Shekara saba'in kina saƙa ba ki iya awo ba." Ya fita. A bayan taraktar ya lodo itace da tsohon kwanon rufi da dagi da diga da shebur biyu.

Haƙar hunturu ba ta da dabara sai haƙuri. A hura wuta a kan wurin, a rufe da kwano, a jira. Idan garwashi ya mutu a share, a haƙa taƙi ɗaya na laka, sai dagi ya fara ƙara kamar ya bugi ƙarfe. A sake hura wuta. Modris na da shekara sittin da uku da zuciyar da likita ya daɗe yana yi masa gargaɗi a kanta. Ausma ke jan itace tana kwashe ƙasa da bokiti. Biruta da Gundega na tsaye daga gefe da shayi a gora, domin jinin mamaci da matarsa ba sa taɓa ƙasar kabarinsa. Wanda ya haƙa wa nasa, wani nasa yake buɗe wa ƙofar mutuwa. Ranar farko suka kai gwiwa.

Rana ta biyu da azahar ramin ya wuce ƙugu, ƙasa ta fara laushi a ƙasan daskarar. A nan Modris ya jingina da bango, dagi ya zame daga hannunsa. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Matan uku suka jawo shi waje da igiya, suka zaunar da shi a kan tarin itace. Ausma ta lalubo ƙwayar maganinsa a aljihu ta sa masa ƙarƙashin harshe.

"Minti biyar," ya ce. "Ku ba ni minti biyar."

"Za mu ba ka rami na biyu in ka sake shiga," in ji Ausma. Ta ɗauki shebur ta sauka da kanta. Ta fi Biruta da shekara ɗaya, bayanta ya daɗe da tanƙwarewa. Ta jefo ƙasa sau goma, ta sha ɗaya ta zubo mata a kai. Ta tsaya tana haki.

Saura awa biyu rana ta faɗi, gobe ƙarfe sha ɗaya za a kawo akwati. Gundega ta fito da waya ta riƙe, ba ta danna ba. Sai ta mayar aljihu, ta tuɓe rigar sama ta nufi shebur na biyu.

"Ajiye," in ji Biruta.

"Mama, ni ban yarda da waɗannan abubuwan ba."

"Ba sai kin yarda ba. Kina da 'ya'ya biyu. Ajiye, ki koma can bayan shinge."

"To wa zai haƙa?"

Biruta ta zauna a bakin ramin ta zuro ƙafafu. Ausma ta ɗago kai ta dube ta.

"Ba a yi, 'yar'uwa."

"Na sani. In ƙofar ta buɗe, ni ce kusa da ita. Taimake ni in sauko."

Ta sauka. Ta kama ƙotar shebur, yatsun suka ƙi rufewa. Ta gwada sau biyu yana zamewa. Ausma ta kwance ɗankwalin ulunta ta yaga biyu, ta ɗaure hannun dama a saman ƙota, na hagu a tsakiya, ta ja ƙulli da haƙori. Biruta ta taka shebur da ƙafa, ta ɗaga da gwiwar hannu da ciki, ta zuba a bokiti. Ausma na miƙa bokitin, Modris na zaune yana ja da igiya yana zagi.

"Hagu, tsohuwa, hagu. Kina gina rijiya ne? Ki bi bango. Zigurds ya koya mini, bango tukuna, tsakiya daga baya."

"Rufe baki ka ja."

Haka suka yi har rana ta taɓa kan bishiyoyi. Gundega na bayan shinge, ta haɗa wuta tana ɗumama duwatsu tana turo musu su sa a ƙirji. Can bakin shebur ya goga wani abu a bangon dama, ƙara mai taushi. Biruta ta durƙusa ta share da gefen hannu. Katako ne baƙi, gefen akwatin surukarta, lafiyayye, ko tsaga babu. Ta debo laka ta shafe wurin.

Modris ya leƙo ya auna da ido. "Saura taƙi biyu a kan ƙa'ida."

"Zan iya."

"Ba za ki iya ba, kuma ba mai aunawa sai ni. Ya isa. Ku fito da ita."

Da aka kwance ɗankwalin, fata ta biyo shi. Yatsu uku na hannun dama sun yi fari fat kamar kyandir, ba ta jin su.

Aka binne Zigurds washegari. Mutum goma sha huɗu suka zo, Guntis a cikinsu, ya kama igiyar sauke akwati ba wanda ya ce masa komai. Daga maƙabarta aka wuce da Modris asibitin gari, ya yi mako uku, ya fito an karɓe masa lasin tarakta. Biruta ma an kai ta, aka yanke mata kan yatsu biyu. Sauran ba su sake rufewa ba. Gundega ta roƙe ta ta bi ta Ailan, Biruta ta ce wa zai duba kaji. Tun daga nan Ausma ke zuwa kowace safiya ta yanka mata burodi na yini, ta ɓalla mata maɓallan riga.

Da ƙanƙara ta narke, kabarin ya lotsa ta gefe ɗaya, kamar yadda haƙar hunturu ke yi. Biruta ta rataya bokiti a gwiwar hannu, tana tura yashi ciki da gefen takalmi daga bakin hanya, tana kaiwa tana juyewa. Rabin bokiti take iya ɗauka. A rana ta uku Modris ya zo da sanda, ya rame, ya zauna a kan dutsen kabarin wani yana kallonta.

"A haka sai kaka za ki gama."

"Ina da wani aikin ne?"

Ya zauna ya ƙara kallo. Sannan ya ajiye sandar, ya sauka a kan gwiwoyinsa, ya fara baje yashin da tafin hannu yana dannawa, ita kuma ta juya ta koma ɗebo wani.